Kitsen Layya da Farar Shaddata

Shekarar da na shiga karatun manya a Kore Mairuwa na sayi ƙwayar rage tumbi. Mai farmasi ya ce tana tare kitse, ba ya zama a jiki. Ban tambaye shi ta ina yake fita ba. Tunda na samu mai gadi, kwanakin layya na ci kitse son raina.

Da aka koma aji, malam ya ce in tashi in karanta allo. Na juya baya, cikin farar shadda. Sai taubashina Garba ya ce, "Malam, tsohon babur ɗin nan yoyon mai yake."

Na rasa shadda ɗaya, wando ɗaya da sunana, don har matata Tsohon Babur take kirana. Tumbin kuwa yana nan.