Zakaran Baba Nomau ya warke

Ilu tela ya faɗo daga babur ya karye a ƙauri, ƙafar dama kuwa, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Aka kai shi gun Baba Nomau mai ɗori. Shi kuwa Baba Nomau al'adarsa ce in zai yi wa mutum ɗori sai ya karya ƙafar zakara ya ɗaure su rana ɗaya, wai ranar da zakara ya taka, mai karaya ma ya taka. Wata uku cur, zakara ya miƙe, Ilu ko bayi sai da sanda. Ga Sallah ta matso, ga yadunan mutane jibge a shago, masu kaya sun fara yi masa sallama da ƙarfi. Haushi ya ishe shi, ya ce asibiti zai je. Baba Nomau ya saɓa babbar riga ya bi shi, wai zai ga ƙaryar bature da idonsa.

Likitar, wata mace mai fara'a, ta nuna musu sabuwar na'urar hoton ƙashi. Ta ce, "Tsohuwar a dunƙule take awon hasken da ya ratsa jiki, kamar mai awon gero da tiya. Wannan kuwa ƙwaya-ƙwaya take ƙirga shi, ko tsagewa kamar silin gashi ba ta ɓoye mata."

Baba Nomau ya taɓe baki. "Sannunta da ƙirga. Mu tun kakanni da yatsa muke gani."

Hoto ya fito tar. Kai, ko makaho ya shafa ya san an yi aika-aika! Ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa ya manne a karkace. Likita ta ce ba makawa sai an sake karyawa an gyara. Ilu ya ji kamar ya yi kuka, ya juyo ya zuba wa tsohon ido.

Baba Nomau ko a jikinsa. Ya ce, "Yaro, kada ka yarda da akwatin nan. Ɗorina bai taɓa tashi ba. Zakaranka yana can gida garau, yau da safe ma na gan shi yana bin kaji da gudu."

Ilu ya gyara sandarsa ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba. Ga makullin shago, a kai masa ya taka keken, Sallah saura kwana tara."