Yadda Za Ka Sa A Kafa Ƙarfen Sabis A Bayan Gidanka

Wannan hanya ba ta taɓa ba da kunya ba. Sau ɗaya aka gwada ta a nan Jibiya, kuma ta yi aiki. Wanda ya gwada, Ummaru mai hatsi, yana nan da ransa. Ni kuwa da nake koya maka, sai bara na riƙe waya, har yau in ta yi ƙara sai na tashi tsaye kafin in amsa. Amma an yi komai a gabana, ina zaune wajen mai shayi.

Mataki na ɗaya: Ka san dokar

Kwamitin tsara gari ya gindaya sharaɗi biyu. Na farko, maƙwabta su yarda. Na biyu, tsakanin ƙarfen da duk gidan da ake kwana a ciki, a bar tazara daidai tsawonsa, don in ya faɗi ya faɗi shi kaɗai. Ummaru ya ji na farkon da kyau. Ana karanta na biyun yana kallon kangon da ke bayan gidansa, yana jin yadda za a riƙa kwatance da shi tun daga tasha: gidan mai ƙarfe. Kai ma ka yi haka. Doka ba ta son a saurare ta gaba ɗaya.

Mataki na biyu: Ka lallashi maƙwabta

Fara da mai sauƙi. Malam Bitrus, malamin asibiti, tambaya ɗaya ya yi: "In sun kunna janareto, za su ɗan ja mini wayar wuta?" Ka ce e. Ba janaretonka ba ne.

Malam Zunnuraini ne aiki, don tun da aka ƙaddamar da shari'a ko katangarsa ya ƙara wa tsawo. Ya ce, "Ummaru, mai yaɓe in zai hau soro sai ya yi shela mata su shige ɗaki. Wanga da zai hau har kusa da gajimare, unguwa nawa zai yi wa shela?"

"Allah gafarta Malam, ni zan riƙa yi da bakina."

"Kowane hawa?"

"Kowane hawa."

Ka yi alkawari irin wannan da sauri. Tunani yana ɓata alkawari.

Mataki na uku: Ranar awo, kada ka daburce

Ma'aikacin kwamiti, Ezra, ya ja igiyar awo gabas, gidan Bitrus ya tsira. Ya ja yamma, na Zunnuraini ya tsira. Da ya ja kudu sai igiyar ta shige wani zaure, ta wuce akuya, ta wuce shanya, ta tsaya gindin murhu.

"Alhaji, gidan wa ke nan?"

Ummaru ya dubi gidan da aka haife shi a ciki, ya ce, "Wannan? Ai mangaza ce. Hatsi nake ajiyewa."

"Hatsin ne ya ɗora miya?"

"Masu dako ne."

Ezra ya naɗe igiyarsa. Ya ce ba damuwa, yanzu aiki ya yi sauƙi, ba sai an yi ta bincike ba. A je gaban alƙali ranar Litinin, Alhaji ya yi alwala ya rantse cewa ba mai kwana a ciki, kuma ba za a kwana ba muddin ƙarfen na tsaye.

Mataki na huɗu: Ka mayar da maganarka gaskiya

Mutumin kirki ba ya rantsuwa kan ƙarya. Gyara duniya yake ta dace da abin da ya faɗa. Ummaru ya samo a-kori-kura, ya gaya wa maiɗakinsa Rabi'a cewa za ta ɗan je ganin gida Gangara da yara, kwana biyu.

Ta ce, "Ganin gida da gado da turmi?"

"Iska za su sha."

"Malam, mi za ka sa a ɗakina?"

"Gero."

Ta ɗaura mayafi, ta ce, "To Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ran Litinin ya rantse, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Malam Zunnuraini ne shaida, kuma mutum ne da ba ya mantuwa.

Mataki na biyar: Ka ci moriyar nasararka

An kafa ƙarfe, har da jar fitila a ka. Wayoyin unguwa suka daina kamo rezon Nijar, wato sabis ɗin ƙetaren iyaka. Duk ranar da injiniya zai hau, za ka ga Ummaru, dattijo da furfurarsa, yana bin lungu yana cewa, "Mata a shiga ɗaki, za a hau ƙarfe." Yara sun haddace, suna taya shi.

Wurin zama kuwa bai gagara ba. Kamfanin wayar na neman maigadi, shi kuma maigadi a doka ba kwana yake ba, aiki yake. Ummaru ya nema ya samu. An ba shi benci da tocila, dab da katangar gidansa.

Ya aika wa Rabi'a da waya. Wata safiya ya kira ta, ta ce, "Ikon Allah, ina jin ka tar, kamar kana tsakar gida."

"To yaushe za ki dawo?"

"In dawo ina? Yaya Abu ya yi mini ɗaki, har da daɓe. Ran da aka kwantar da ƙarfen ka kira ni."

Yarjejeniyar kamfanin dai, in ba a yi sa'a ba, jikoki ne za su ga ƙarshenta.

Gargaɗi

Na yi maka alkawarin ƙarfe, kuma za ka samu. Batun gida, iyali da barci ba ya cikin abin da na koyar. Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya wayi gari a kan benci, kada ya kai ƙarata gaban alƙali, zan rantse ban san shi ba. In shawara yake so, ya nemi Ummaru da hantsi, kafin ya fara gyangyaɗi.