Rasuwar Fanfon Man Barewa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da na kasa haɗiyewa, nake sanar da jama'ar Jega, Aliero da Maiyama rasuwar fanfon man Barewa, jar motata mai ƙofa biyu. Ya cika ranar Talata da hantsi a kwanar shiga Kimba, yana bakin aiki.

Marigayin mai haƙuri ne. Tun muna jihar Sakkwato yake zuƙo mai daga tanki yana miƙa wa inji, aka ba mu jihar Kebbi bai nemi hutu ba. Ya sha mai mai kyau, ya sha na kwalba da aka sirka da kananzir, bai taɓa kai ƙara ba. Duk wanda ya kasa kunne da safe ya san muryarsa: "tik, tik, tik."

Ciwon ajalinsa ya daɗe. Da na taka wuta ko na sha kwana sai mai ya yanke, Barewa ta yi "ɓuf, ɓuf, huuu," ta tsaya, jakai masu kayan albasa su wuce mu. Motar da aka ƙera don gudu ta koma ta turi.

A nan nake da magana. Makanike Tamu, wanda ya yi jinyarsa, maganinsa bai taɓa sauyawa ba: a jiƙa tsumma a naɗe masa, a hura tiyo da baki, a lallaɓa. Na ce a canza shi, aka ce boko ya sa mini gaggawa. Direbobin tasha har shawara suka kawo, wai a ɗaure jarkar mai a rufin mota a zuro tiyo zuwa inji. Jarka, a kan Barewa. Haka muke yi wa rijiyar burtsatse, haka muke yi wa rufin aji: mu lallaɓa abu har ya mutu, sannan mu zauna muna mamaki.

Ya rasu ya bar tanki, da kafireta wadda ta fi kowa jin rashinsa, da tiyo biyu duk sun tsattsage, da tsummansa har yanzu da danshi. Magajinsa fanfo ne mai aiki da batir, ya iso daga Kaduna cikin kwali da tiyonsa da wayoyinsa. An ɗaura shi jiya, yana ta "zzzz" kamar ba a yi mutuwa a gidan ba.

Sai dai Kawu Mamuda, babban gidanmu wanda ba a ta da maganarsa, bai gamsu ba. Ya ce in Barewa ta sake tsayawa a hanya sau ɗaya, za a cire injinta a kai gonar albasarsa ta Aliero ya riƙa jan ruwa.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar bayan la'asar daga ƙofar gidanmu a Jega, cikin Barewa da kanta, Kawu yana kujerar gaba, zuwa Maiyama inda aka haƙa rami bayan garejin Tamu. Ina roƙon masu ta'aziyya na bakin hanya kada kowa ya ɗaga mini hannu. Ko don gaisuwa na tsaya, Kawu ya ce tsayawa ce.

Mai sanarwa,
Haidar Atiku, Jega.