Dinozor ɗin da Baba Nomau Ya Yi wa Ɗori

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban aji, alli a hannun dama, ƙaton ƙashi a na hagu, ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa abin da ke hannuna ya shekara miliyoyi a ƙasa. Har yau idan na tuna sai na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Lokacin ina ɗan kwantaragi, wato malamin wucin gadi, ina koyar da ilimin halittu da na ƙasa a wani ƙaramin kwaleji, a wani ƙauye can bayan Attantane. Shekarata ta huɗu ke nan a wurin. Ni ɗan Tasawa ne, kuma a Tasawa Inna take kwance, ɓarin jikinta ya shanye, ƙanwata Rabi kaɗai ke juya ta. Sau uku ina rubuta takardar neman a maido ni gida, sau uku shiru kamar an aiki bawa garinsu. Sai ran nan direkta ya ce mini konseye, wato mai duba aikin malamai, zai zo daga Mayahi ya kalli darasina, kuma rahoton da zai rubuta shi zai raka takardata ta huɗu. Na san wannan ce damar da ta rage mini.

Sai dai in faɗi gaskiya a kan irin mutumin da nake a lokacin. Shekara huɗu ban taɓa zama a majalisar dattawan garin ba. Daga kan moto, wato babur, nake ɗaga musu hannu, kamar gwamna ya zo rangadi. Akwai kuma wata tsohuwar tsama a tsakaninmu. Na taɓa karantar da abin da masana ke faɗi, cewa mutum da manyan birai asalinsu ɗaya ne can da nisa, yara suka kai gida a taƙaice: “Malam ya ce kakanninmu birai ne.” Tun daga nan gaisuwa ta yi sanyi. Ni kuwa maimakon in je in warware, sai na ɗauki abin a matsayin shaidar cewa ni mai ilimi ne da ƙaddara ta jefa cikin jahilai. (Allah ya yafe mini, har daɗin abin nake ji.)

Saura kwana goma konseye ya zo, na bi ta yamma da gari inda ake haƙar rijiya, na tarar da mahaƙa sun fito da wani ƙashi sun jefar a kan tsibin ƙasa. Dogo ne, ya yi ja saboda daɗewa, ga wani kumburi a tsakiyarsa. Na tambaye su daga gaba nawa ya fito, suka ce goma sha takwas. Doka ta farko da muke koyarwa ita ce abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke sama. Gaba goma sha takwas! Ina ɗalibi na ga ƙasusuwan dinozor, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin da, waɗanda aka kwaso daga Agadas can arewa aka kafa a Yamai, sai na ce a raina, me Agadas ta fi Mayahi da shi?

A kan tsibin ƙasar nan fa har da tsingaro da ruɓaɓɓen guntun igiyar guga. Na gan su da idona, na tsallake su. (Wataƙila na ɗauka dinozor ɗin nawa da kansa yake jan ruwa.) Na naɗe ƙashin a rigata na kai ɗaki, na wanke shi da buroshin haƙorina, na kwantar da shi a kan katifa. Ban tambayi kowa komai ba.

Bayan kwana biyu, ana fitowa daga sallar La'asar, Baba Nomau ya tare ni. Shi ne maɗorin yankin, duk wanda ya karye, mutum ko dabba, wurinsa ake kai shi, kuma shi ne shugaban iyayen yara na makarantarmu.

“Malam, in ka samu sarari ka biyo gida. Akwai 'yar magana bisa ƙashin ga da ka ɗauka.”

Na ce, “To, Baba.” Ban je ba. Daga baya ya aiko direkta, na ce wa direkta, “Bar shi, wa'azin biri zai yi mini.” Har na ƙudurta in gayyace shi ranar darasin, don konseye ya ga ina tafiya da al'umma, shi kuma tsohon ya ga abin da ake kira ilimi.

Ranar ta zo. Ajinmu na zana ne, yara sun cika shi maƙil. Konseye ya zauna a baya da littafinsa, direkta a gefensa, Baba Nomau a kan kujerata ya jingina sandarsa. Darasi ya tafi yadda nake so. Na bayyana yadda dabba ke mutuwa laka ta rufe ta, yadda ƙashinta ke komawa dutse bayan dogon zamani, wato fosil. Konseye yana gyaɗa kai yana rubutu. Na rantse a wannan lokacin har na hango kaina a ɗakin Inna ina ba ta kunu. Da na tsaya a nan, da shi ke nan.

Sai na yaye zanen da na rufe ƙashin da shi. Yara suka miƙe tsaye. Na ce wannan ƙafar dinozor ce, daga ƙasarmu, daga gaba goma sha takwas. Na nuna kumburin na ce nan ne wani ɗan'uwansa ya cije shi a wurin faɗa. (Wannan a wurin na ƙirƙire shi, ya kuma yi mini daɗi a baki.) Konseye ya daina rubutu, ni kuwa na ɗauka mamaki ne ya kama shi. Sai na juya wurin tsohon.

“Baba, kai da ka daɗe a duniya, ka taɓa ganin dabba mai irin wannan ƙashi?”

Ya sunkuyar da kai. “Malam, ku ne masu karatu.”

Mutumin nan rufa mini asiri yake yi, ni kuma na dage sai na tona kaina. “A'a, Baba, riƙe ka gani. Faɗa wa yara gaskiya.”

Ya karɓa, ya ɗora babban yatsansa a kan kumburin, ya shafa a hankali.

“Tunda ka ce gaskiya, wanga ɗorina na. Raƙumin Agali na, Buzun da ka kawo muna kanwa. Ya karye nan bakin kasuwa tun yana ƙarami, ni na ɗaure shi, ya warke ya yi ta tahiya. Shekarar hwari ƙishirwa ta ja shi ya hwaɗa tsohuwar rijiya, anka kasa hidda shi, ruwan ya ɓaci, munka cike ta. Ita ce aka tonewa yanzu.” Ya miƙo mini ƙashin da hannu biyu. “Abin da na so in hwaɗa maka ke nan a gida.”

Sai dariya ta ɓarke daga baya ta taho gaba har zana tana motsi. Direkta ya fita waje, wai tari ya sarƙe shi. Konseye bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya taso ya karɓi ƙashin, ya jinjina shi, ya kankare shi da farce.

“Bon, Malam, ɗazu me ka ce fosil yake komawa?”

“Dutse.”

“Wannan fa?”

Ban san lokacin da alli ya narke a tafina ba.

Rahoton ya zo bayan wata ɗaya. Babu zagi a cikinsa. An rubuta cewa malamin yana da hazaƙa, amma yana buƙatar ƙarin lokaci a inda yake domin ya san wurin. Wani malamin aka kai Tasawa. Ni kuma na samu sabon suna, har matan da ke daka suna kirana Malam Mai Raƙumi, ina amsawa, don ba ni da bakin musu.

Da daminar da ta biyo baya Rabi ta kira ni da hantsi ta ce jikin Inna ya tashi. An yi ruwa, gulbi ya yanke hanya, moto ba ya wucewa. Da na isa Tasawa an riga an dawo daga maƙabarta. Na san kwana ne ya ƙare, ba ƙashi ya kashe ta ba. Amma na san kuma da na taka ƙafata zuwa gidan Baba Nomau da bai fi taku ɗari daga ɗakina ba, wataƙila da ina zaune a gefenta.

Da na koma ƙauyen, Baba Nomau ne na farko da ya zo mini ta'aziyya. Ya yi addu'a mai tsawo, bai ambaci raƙumi ba ko da wasa. Da zai tashi ya ce, “Gidan dai yana nan inda ka san shi, Malam.” Washegari na je, na cire takalmi, na zauna a ƙasa.

Har yanzu ina koyar da darasin nan. Ina rubuta wa yara a allo cewa abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke sama, sannan in ƙara layin da babu shi a littafi: sai fa in tsohuwar rijiya ce, don haka kafin ka auna zurfin rami, je ka tambayi wanda ya cike shi.