Minti Ukun Orlena Sizemore

"Lafiya lau nake, sai dai na ga har yanzu ba ka yi kyau ba. Na ɗauka cikin kwana sittin za su gyara har da fuskar."

"Fuskar ta gado ce, Mamaw. Likita ya ce daga wajen kaka take, ba ta jin magani."

Lahadi ce, ƙarfe biyu na rana, a barandar tsohuwar makarantar firamaren da gundumarmu ta mayar gidan jinyar masu shan ƙwaya. Maza goma sha huɗu ne a ciki. Ranar ziyara ce, an jera kujerun roba, amma ban da ni da aikin jarida ya kawo, ba wanda ya zo sai Orlena Sizemore, mai shekara saba'in da takwas, a kan kekenta mai batir irin na masu ciwon gwiwa, wanda ta raɗa wa suna Kunkuru, da doguwar tuta ruwan lemo a bayansa. Ita ta raini jikanta Corbett, mai kiran ta Mamaw, bayan ƙwaya ta kashe uwarsa. Yanzu shekararsa talatin da ɗaya. Su biyu suka rage a wannan kwari na gabashin Kentucky, sauran dangi sun tafi Ohio neman aiki.

Ranar Talata majalisar gunduma ta yanke abu biyu. Ta ware wa gidan jinyar kuɗin shekara guda, wanda ba don haka ba da an rufe shi a ƙarshen wata. Sannan ta hana kekuna masu batir hawa babban titi, saboda wani tsoho da motar kwal ta buge. Gada ɗaya ce tsakanin gidan Orlena da makarantar, kuma a kan babban titin take. Dokar za ta fara aiki ranar Alhamis. Corbett yana da sauran wata huɗu, amma jakarsa tana ƙarƙashin kujerarsa, a ɗaure.

"Minti nawa Kunkuru ya yi yau?" in ji Corbett, yana bubbuga tayar keken da ƙafa.

"Arba'in. Har motar 'yan sanda na wuce."

"A tsaye take."

"Na dai wuce ta. Karɓi nan, ja'iri."

Ta miƙa masa robar man shanu. Ya ɗaga ta yana jinjinawa.

"Tun da aka haife ni ban taɓa buɗe robar man shanu a gidanki na ga man shanu ba. Yau maɓallai, gobe ƙusoshi. Ran nan haƙoran roba na kakana Papaw na samu, shekara biyu bayan an binne shi."

"Wake ne da burodin masara. In ba ka so, ga mutane can da ba su da kaka."

"Sun huta."

Ya ci loma biyu a tsaye. Orlena ba ta kallon bakinsa, ƙarƙashin kujera take kallo.

"Wannan jakar, mai ita mutuwa ya yi?"

"Tawa ce. Yau zan bi ki gida. Matsa in hau baya."

"Kunkuru ba ya ɗaukar buhu."

"Daga Alhamis ke da shi kun zama kayan ado. Wa zai kai ki coci? Wa zai kai ki kanti? Ni zan riƙa tuƙa ki."

"Da wane lasisi? Wanda ke kwance a aljihun teburin alƙali? Ko da motar da ka koya wa hawan bishiya?"

"Bishiyar ce ta shigo titi."

"Shekara ɗari tana tsaye a wurin, sai da ta hango ka ta taso."

Corbett ya ajiye robar. Ya zaro jaridar mako daga aljihun baya, ya zauna ya warware ta a kan gwiwarsa.

"Abin da ya ba ni kunya shi ne wannan. An kashe miki keke a majalisa, jarida ta ce ba wanda ya ce uffan. Ke da kika taɓa sa fasto ya manta wa'azinsa. Ke da mai karanta mitar wuta yake tsallake gidanki. Ina bakin ya tafi?"

"Ina wurin."

"Barci kika yi."

"Ni ban taɓa barci a taro ba."

"A bikin gama makarantata har minshari kika yi."

"Addu'a nake yi ka samu aiki. Ka ga ba a amsa ba, da na sani na yi barcin."

A majalisarmu, mai son magana sai ya rubuta sunansa a takardar bakin ƙofa, ya zaɓi batu ɗaya. Ana ba shi minti uku. Akawu tana murɗa ƙaramin agogon girki, idan ya yi ƙara sai ka zauna. Ba a ƙari, ba a tashi sau biyu. A ranar Talatar suna ɗaya ne a takardar. Ni na rubuta labarin a jaridar, kuma mai sunan ce ta ce in cire sunanta.

Corbett ya sa yatsa a ƙasan shafin.

"Amma an ce wata mata ta yi magana a kan gidan nan. Bari in karanta miki. Wai ta ce, na binne 'ya, ba ni da ƙarfin binne jika, kuma takalmin da nake zuwa jana'iza da shi ya matse ni."

"Mata masu matsattsen takalmi sun yi yawa."

"Baƙi ne, mai igiya. Tun ina aji uku kike zaginsa. Wace mace ce a gundumar nan za ta kai ƙarar takalminta gaban majalisa in ba ke ba?"

"Ba na karanta jarida. Ƙarya ta yi mata yawa."

"Ga ni nan zaune," na ce.

"Na gan ka."

An ba gidan kuɗin da ƙuri'a uku, biyu suka ƙi. Batun keke kuwa ko minti ɗaya bai ɗauka ba.

Corbett ya naɗe jaridar. Ya daɗe yana kallon kujerun da ba kowa.

"Wata huɗu, Mamaw. Wa za ki yi wa masifa? Kyanwa?"

"Ta fi ka kunya. Kuma tana binne abin da ta yi."

"Cocin fa?"

"Ana wa'azi a rediyo, kuma shi ina iya rage masa murya. Kanti suna kawowa har ƙofa."

"Gidan shiru ne. Na san shi."

"Shiru ne," in ji Orlena. "Amma na san wani shirun da ya fi shi, kai ma ka san shi. Minti uku aka ba ni, na tsaya a bakin ƙofar majalisar nan da biro a hannu har akawu ta tambaye ni ko na manta sunana. Na kashe su a kanka. In ka bi ni yau, ka zuba mini su a kogi ke nan."

Can cikin gidan wani yana jan kujera.

"Tashi ka cire mini tutar nan," ta ce.

"Ta me?"

"Tagarka ce ta uku daga hagu a bene. Daga barandata ina hango ta da madubin hangen nesan da Papaw ke kallon tsuntsaye."

"Ki ce wata biyu kina leƙena."

"Na ga ranar da ka shanya wando mai huda biyu. Sai da na rufe wa kyanwa ido. Ka rataye tutar a taga. Kowace safiya in na gan ta, na san ɗan neman yana nan."

"Ni kuma yaya zan san tsohuwar tana nan? Kuma da me za ki haye gada yau, ba tuta? Direban kwal zai ɗauka kwandon shara ne iska ke turawa."

"Sai ya kauce. Ba mai son shara a tayarsa."

Corbett ya dube ta, ya dubi tutar. Sai ya jawo jakar, ya kwance ta. Ya fitar da riguna, ya fitar da wandon nan mai huda biyu, ya zube su a kan kujera. A can ƙasa ya samo hular farautarsa, ruwan lemo mai haske, irin wadda ake sawa don kada maharbi ya ɗauki mutum barewa. Ya kifa mata ita a kan farin gashinta har ta rufe kunnuwa.

"Wari take yi," in ji Orlena.

"Ki haye da ita. In kin isa, ki rataye ta a ƙusar baranda. Ran da ban gan ta ba, zan biyo kogi da iyo."

"Kai da ko a bahon wanka sai an riƙe ka."

Ya yi dariya, har sai da ya goge ido da bayan hannu.

"Kin ci, tsohuwa. Kin yi kama da kabewa, amma kin ci."

"Ka wanke mini robata. A watan Maris zan zo karɓa, kuma na san murfinta."

Ƙarfe huɗu aka kaɗa ƙararrawar tashin baƙi, duk da baƙuwar ɗaya ce. Orlena ta juya Kunkuru ta gangara. Corbett ya kwashi kayansa a hannu ɗaya, tuta a ɗaya, ya hau bene. Ina tsaye a wajen motata na ga taga ta uku ta buɗe, sandar ta leƙo. Bai bar tagar ba sai da ɗigon ruwan lemon nan ya haye gada, motocin kwal biyu suna bin sa a baya a hankali.