Mushe Darakta Yana Reniyo

Duk ƙasar Ƙonni babu mutum mai yawan aiki kamar Mushe Mato, wato Malam Mato a bakin masu Faransanci, daraktan kamfanin haƙar farin dutsen da ake haɗa siminti da shi. Allah ya yi masa baiwar kwat da tabarau da tafiyar ƙasaita. Dutsen dai bai taɓa kama shi da hannu ba, don kada ya ɓata masa kwat. 'Yan kabu-kabu suna kiransa Kaya-Na-Hanya, shi kuwa ya ɗauka kirari ne.

Cikin waɗanda suka zuba jari har da Bawa, manomin Bazaga, wanda daɗin bakin Mushe ya sa ya sayar da shanun nomansa. An yi masa alkawari da zarar motar farko ta sauke dutse a Sakkwato, zai sayi waɗanda suka fi su kafin damina. Ranar tashin motar an yanka rago, makaɗa sun ci kasuwa, Mushe ya yi jawabi da Faransanci har naman ya huce.

Daga nan shiru. Kullum Bawa yakan zo buro, wato ofis, ya zauna a benci tare da sauran masu jira, masinja ya ce musu, "Darakta shina reniyo," wato taro. Da wa ake taron, Allah masani, don ta taga ƙafafunsa kawai ake hangowa bisa tebur. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, hankalin Bawa ya tashi ƙwarai.

Ranar da suka tare ƙofa suka ƙi matsawa, dole Mushe ya fito, ya gyara tabarau.

"Jama'a, harkar ma'adinai ba tallan goro ba ta. Mota ta wuce shingen duwan na kan iyaka tuni. Ni da direba muna magana kullum, ko numfashi ya yi sai na sani."

Wani mutum mai baƙin mai a riga ya ɗaga hannu daga ƙarshen benci.

"Kai kuma wa?" in ji Mushe.

"Halilu, ranka shi daɗe. Ni ad direban. Mota tana nan bayan Malbaza, ko iyaka ba ta kai ba, tun ranar da munka ci rago, giya ta lalace. Kaji ma sun fara ƙwai ƙarƙashinta. Kullum ina zuwa in gaya maka, a ce kana reniyo."

Wani daraktan da sai ya nemi ƙasa ta tsage. Namu kuwa ko gezau.

"To, ai kun ga amfanin bincike. Abu mai sauƙi, a jawo ta gareji. Bawa, ba kai ka da shanu ba? Kawo su."

Bawa ya dubi hadarin, ya dubi kwat.

"Ranka shi daɗe, ai shanuna sun zama mota, su na kaji ka yi ma ƙwai ƙarƙashi."