Tsutsar Alhaji a Sifika

Kamfaninmu na tura sakamakon gwajin asibiti ta waya yana gab da durƙushewa, don daga Yendi har Bawku ba mai karanta saƙonmu. Ni, gwanin dabara, na ce mu koma saƙon murya. Da bakina na naɗi kowace cuta, har da gyaran murya kamar mai labaran rediyo.

Na manta dattawanmu ba sa kara waya a kunne.

Ranar sunan ɗana a Salaga, rumfa ta cika maƙil, wayar surukina Alhaji, babban dillalin doya, ta yi ƙara. Ashe ya je gwaji a makon. Da ya ji sallamata a wayar sai ya ɗaga hannu. "Ku yi shiru, yaron nan ne da injinsa!" Ya ƙure sifika.

Muryata ta ce, a natse, "Bayan-gidanka akwai tsutsar ciki."

Liman ya daina tauna. Ni kuwa ina tsugune a gabansu da farantin goro. Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai ka duba?"

Har yau in na ratsa kasuwar doya, sai wani ya riƙe ciki ya ce, "Likita, ni a kunne za ka faɗa min!"